Rigar Labaran

"Ba za ki sake tambayarta ba ke nan?"

"Na tambaye ta, Labaran! Sau nawa zan tambaya?"

"Ki rage murya..."

"Kai ka fara ɗagawa."

A ƙofar gidansu Hanadi suke tsaye, a unguwar Sahafa ta Khartoum, a layin da ya koma kamar an share shi. Da can mutum ba ya tsayuwa a nan sai ya gaji da amsa gaisuwa. Yanzu gidajen hagu da na dama duk da kwado, sai wani kare kwance a ƙarƙashin motar da aka cire wa tayu. Daga arewa abu mai nauyi yake faɗuwa, a ji shi har a tafin ƙafa, ya yi shiru, ya sake.

Labaran ya goge gumi da bakin jallabiyarsa. Daga Omdurman ya zo, kuma duk wanda ya haye gada a kwanakin nan ya san ransa ya ɗauko a hannu.

"Ana nema mini mai," ya ce. "Da zarar na samu zan kwashe Hajja da ƙannena zuwa garin Maiwurno, can kudu, gidan kawuna. Ta nan hanyar ta bi. Kujera biyu na ware, taki da ta Habboba."

"Ta ce ba ta tashi."

"To ki ɗauke ta!"

"Kamar buhun gawayi? Tsohuwar da ta raine ni?"

"Ke matata ce, Hanadi. An ɗaura."

"An ɗaura... ban tare ba."

Ya kalle ta kamar ta mare shi. Nan take ta yi nadama. Gaskiya ne an ɗaura aurensu kafin azumi, aka sa tarewa bayan Salla. Yaƙi ya riga Salla zuwa.

"Habibi, ka yi haƙuri," ta ce a hankali. "Ba haka nake nufi ba."

Daga cikin gida wata murya ta taso, tsohuwa amma da sauran ƙarfinta.

"Wa ke yi mini raɗa a ƙofa? Angona ne? Shigo, matsoraci, ba na cizo, haƙoran sun ƙare!"

Habboba ke nan, kamar yadda ake kiran kaka a nan: Indo, kakar Hanadi ta wajen uba. Uwar Hanadi ta rasu wurin haihuwarta, ubanta Hamid ya bi tana 'yar firamare. Indo ce ta riƙe ta, kuma da mazari ta ciyar da ita. Tun Indo tana yarinya a gonakin Jazira take kaɗin auduga. Da suka dawo Khartoum ta koma kaɗin gashin tumaki, tana sayar wa masu saƙa. Idonta ya daɗe da tafiya, hannunta bai bi shi ba.

Suka same ta a rumfa, zaune a kan angarib, gadon igiyar da take yini a kai. Taskirar ulu a gefenta, alli a yatsunta, mazari yana juyi a cikin tsohon kwano.

Labaran ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ka kawo mini ulu?"

"Ban samu ba, Habboba. Kasuwa a rufe take."

"Ba ka duba da kyau ba ne. Hankalinka yana kan wannan mai dogon wuyan."

"Wallahi a rufe take. Habboba, mutane suna ta fita. Ki yarda mu tafi."

Mazarin bai tsaya ba.

"Iyayena sun taso daga Haɗeja da ƙafa za su Makka, suka tsaya a Jazira. Ni na taso daga Jazira na tsaya a nan. Ɗana yana kwance a maƙabartar Sahafa. Na gama tafiya, yaro. Kuma na ga tashin hankali a garin nan ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ana harbi, ana kawo ulu. Muddin ana sayar da ulu, kasuwa tana ci. Muddin kasuwa tana ci, gari yana nan."

"In aka nema aka rasa fa?"

"Ranar da taskirar nan ta ƙare, aka nemi mai cika ta aka rasa, ka zo ka ɗauke ni ko a ka ne. Na faɗa. Ni ba na magana biyu."

Labaran ya leƙa taskirar. Abin da ya rage bai wuce cikin tafi biyu ba.

Da Hanadi ta rako shi ƙofa, fuskarsa ta saki.

"Kin ji da kunnenki. Ba sai kin yi komai ba, ruhina. Ki bar shi ya ƙare kawai."

"To."

"Wayarki fa?"

"Ta mutu. Tun da aka ɗauke wuta."

"Ki haɗa kaya. Kada ki manta da rigata," ya ce yana murmushi. "Har yanzu ba za ki nuna mini ba?"

"Sai ranar."

A gidansu Indo, amarya ba ta tarewa hannu wofi. Dole ta kai wa ango tufa ɗaya wadda babbar tsohuwar gida ta kaɗa zarenta, ita kuma ta saƙa da hannunta. Uwar Indo gwado ta kai, Indo ta kai hula. Hanadi ta zaɓi rigar sanyi, domin Labaran direba ne, hafilarsa, wato bas ɗinsa, hanyar Dongola take bi, kuma ya sha ba ta labarin sanyin saharar da ke sa yatsu su ƙi riƙe sitiyari.

Duk lokacin sanyin bara a kan rigar suka ƙare shi. Indo tana kaɗi, Hanadi tana bin ta da kwarashi. Wuyan rigar kuwa Indo ta gauraya masa gashin raƙumi mai laushi, ɗan kaɗan da Labaran ya taɓa kawo mata tsaraba, ta ce kada ulun tunkiya ya ci wa angonta wuya.

Ulun taskira ya ƙare da hantsin wata Lahadi.

Indo ta shafa ƙasan taskirar, ta sake shafawa. Ta ajiye mazari, ta ɗora hannuwanta a cinya.

Hanadi ba ta taɓa ganin hannuwan nan babu aiki ba. Duk ƙarar da aka yi a waje sai tsohuwar ta zabura, ita da da can ko juyowa ba ta yi. Aka kawo kunu ta kau da kai. Washegari ma haka.

"Habboba, ko cokali biyu..."

"Hamid ya dawo daga makaranta?"

Hanadi ta ajiye cokalin.

"Habboba, ni ce. Hanadi."

"Na sani," ta ce. "Na sani. Yarinya, in kuka fitar da ni daga gidan nan, a hanya za ku sauke gawata. Amma na yi magana. Ku yi yadda kuka ga dama."

Da la'asar wani abu ya faɗa bayan layinsu. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta zubo daga rufin rumfa. Indo ta zame daga angarib ta faɗi, tana lalube da hannu biyu kamar mai nitsewa a ruwa. Hanadi ta rungume ta. Zuciyar tsohuwar tana bugawa a ƙirjinta kamar ta ɗan tsako.

Da barcin gajiya ya ɗauke Indo, Hanadi ta shiga ɗaki ta buɗe akwati.

Rigar tana ninke, tana ƙanshin turaren wuta. Ta shimfiɗa ta a cinya. Tana iya nuna kowane layi ta faɗi ranar da ta saƙa shi. Ga inda ta matse zaren saboda sun yi faɗa da Labaran. Ga inda ya saki, ranar da danginsa suka zo tambaya, hannunta yana ta gumi. Mai saƙa ba ya iya ɓoye halinsa, duk yana nan a jikin tufa ga wanda ya iya dubawa.

Ta nemo bakin zaren a hannun hagu, ta kwance ƙullin, ta ja.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne sauƙin abin. Hannun rigar da ya ci mata makonni, kafin ruwan shayi ya tafasa ya koma tarin zare a lanƙwashe. Ta yayyanka shi da almakashi, ta warware murɗin da yatsu, ta taje da matajin ƙarfe har ya koma gashi. Ta zuba a taskira.

"Habboba, tashi ki ji. Na samo ulu."

Tsohuwar ta miƙo hannu da sauri kamar yaro.

"A ina?"

"Wani mai tebur... a bakin kasuwar Suk al-Shabi."

"Ke kika je?"

"Na je na dawo lafiya."

Indo ta cusa yatsu cikin ulun, ta ja sili ɗaya, ya tsinke. Ta yamutsa fuska.

"Gajere ne. Wace irin tunkiya ce wannan?"

"Ulun yaƙi ne, Habboba. Shi ake samu."

Indo ta yi dariya, dariyarta ta farko a kwanaki.

"Kin gani? Ban faɗa ba? Kasuwa tana ci! Kawo mini kunun nan, yunwa nake ji."

Tausayi ne ya sa Hanadi, wannan ba a musu. Amma ƙarya ta yi, kuma hawayen da ta zubar wurin yin ta bai canza mata suna ba. Ta ga tsohuwar tana cin abinci, sai ta ce wa ranta ta yi daidai. Da hannun hagu ya ƙare ta kwance na dama. Da shi ma ya ƙare ta kama gindin rigar.

Ruwan famfo ya ɗauke. Kare ya bar layin. Wata safiya Hanadi ta leƙa ta kan katanga ta ga mutane da bindiga suna fasa kwadon gidan da ke ƙarshen layi, suna fito da firji. Ta sauko a hankali, ta jingina turmi a bayan ƙofa. A rumfa mazari yana ta juyi.

Hafilar Labaran ta iso da sassafe, cike da mutane, katifu ɗaure a samanta. Bai kashe injin ba. Mahaifiyarsa Hajja Fatna tana gaba, ta leƙo ta taga.

"'Yata, ku yi sauri don Allah! Da ƙyar muka haye!"

Labaran ya shige gidan da gudu.

"Habboba, na zo cika alkawari. A ka za ki hau ko a baya?"

Indo ta ɗaga taskira sama, tana murmushi.

"Alkawarin me? Ga ulu, shekaranjiya aka sayo. Kai dai raggo ne. Yarinya mace ta samo abin da ka kasa."

Labaran ya dubi taskirar. Ya dubi Hanadi. Ta haɗa tafukanta tana roƙonsa da ido. Ya kama hannunta ya ja ta ɗaki.

"Wane ulu? Suk al-Shabi ko kaza ba ta saura ba. Wane ulu, Hanadi?"

Ta buɗe akwati. Abin da ya rage na rigar kafaɗu ne da wuya, da zare yana reto.

Ya ɗauka ya juya shi a hannunsa.

"Wannan ce rigata?"

"Ta daina cin abinci, Labaran... tana kiran Baba... ta faɗi daga gado! Me kake so in yi?"

"Cewa na yi kada ki yi komai! Abu ɗaya na roƙe ki!"

"Da ta mutu!"

"Yanzu fa? Yanzu za ta rayu? Kin ga abin da na gani a gada? Kin gani?"

A waje aka danna ham, wani jariri yana tsala kuka.

"Zo mu gaya mata," ya ce. "Yanzu. Ni zan faɗa."

Ta tare ƙofa da jikinta.

"In ta ji haka a tsaye, ka jefa ta a mota cikin wannan rana, ba za ta kai Madani ba. Ita ta faɗa da bakinta. Ba zan kashe ta ba, Labaran. Ka ba ni lokaci in lallaɓa ta."

"Babu lokaci!"

"To ka tafi."

"Hanadi..."

"Ka tafi! Ga uwarka, ga ƙannenka, ga 'ya'yan mutane. Ka tafi, kuma kada ka dawo. Na roƙe ka da Allah, kada ka sake shigowa garin nan saboda ni."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ajiye guntun rigar a kan akwati a hankali.

"Ba ki isa ki hana ni wannan ba," ya ce. "In sauke su, in samu mai, in dawo. Ko kin so ko kin ƙi."

Ya sumbaci goshinta, karo na farko tun da aka ɗaura. Ya fita ya yi wa Indo sallama da muryar da ba tasa ba. Hanadi ta tsaya tana jin ƙarar injin har ta ɓace. Sannan ta toshe bakinta da mayafi kada a ji kukanta a rumfa.

Ta ce za ta lallaɓa tsohuwar. Ba ta lallaɓa ba. Ranar ta wuce, bakinta ya ƙi buɗewa. Washegari taskira ta sake yin ƙasa, sai ta koma ɗaki ta kwance kafaɗun da wuyan, domin wanda ya fara irin wannan aiki ci gaba ya fi masa sauƙi a kan tsayawa.

Tana wanke kwano da ɗan ruwan da ya rage a tulu ta ji mazari ya tsaya.

"Hanadi."

"Na'am, Habboba."

"Zo nan."

Indo tana murza wani ɗan gashi tsakanin yatsu biyu. Ta kai shi hanci. Ta sake murzawa.

"Mai teburin nan naki, raƙumi yake kiwo?"

Hanadi ta ajiye kwanon da take wankewa.

"Wannan gashin raƙumi ne. Sau ɗaya ya taɓa shiga gidan nan. Ni na gauraya shi da hannuna, kashi ɗaya cikin uku, na wuyan rigar yaron nan." Muryarta ta yi sanyi ƙwarai. "Ɗauko mini rigar."

"Habboba..."

"Ɗauko mini rigar in taɓa!"

"Babu ita."

Can nesa aka yi wata ƙara, Indo ko motsi ba ta yi ba.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika faɗi."

"Kasuwa fa?"

"Babu kasuwa. An ƙone wani ɓangaren, an kwashe sauran."

"Maƙwabta?"

"Mu kaɗai muka rage a layin."

"Yaron nan da ya zo jiya da mota... ɗaukarmu ya zo yi da gaske. Ni kuma na ɗaga masa rigarsa a taskira ina yi masa dariya."

Hanadi ta zube a ƙasa ta kama ƙafafunta.

"Ki yafe mini! Tsoro na ji kada ki mutu!"

Indo ta janye ƙafafunta.

"Allah ya ɗauke mini ido, na gode masa, ya bar mini hannu. Da hannun nan nake sanin abin da duniya take ciki. Ke kuma kika zo kika rufe shi. Kin makantar da ni karo na biyu, Hanadi."

"Habboba..."

"Na ce zan mutu a hanya, to sai me? Ni tsohuwa ce, mutuwa aikina ne. Wa ya ce ki saya mini kwana da aurenki? Ni na ce miki in taskira ta ƙare mu tafi. Maganata kika raina, ko ni?"

Hanadi ta share hawayenta da mayafi.

"Ya ce zai dawo?"

"Ya ce... in ya samu mai."

Tsohuwar ta dafa gefen angarib ta miƙe tsaye, ba tare da an kama ta ba.

"To tashi. Mu riga shi. Kada ɗan mutane ya sake shigowa wutar nan saboda wautarki da taurin kaina. Ɗauko tob ɗina, babban mayafin nan."

Da gari ya waye suka fita. Kafin ta sa kwado, Hanadi ta ɗauki gawayi ta rubuta a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe: mun tafi Maiwurno. Indo ta juya fuskarta wajen maƙabarta ta yi addu'a gajeriya, ba ta yi kuka ba.

Wani mai keken jaki ya kai su bakin gari. Daga nan suka samu babbar mota, aka ɗora tsohuwar a kan buhuna. Rana ta dake su. A kowane shinge a sauke maza, a bincika kaya, a yi ta jira. Duk hafilar da ta zo daga kudu sai Hanadi ta miƙe ta leƙa, ƙura ta rufe mata ido, motar ta wuce. Sun kwana a hanya, sun canza mota a Madani, sun sake canzawa a Sinnar.

Indo ba ta mutu a hanya ba. Ko zazzaɓi ba ta yi ba. Ta ci dabino, ta sha ruwa, ta yi wa wata mata mai ciki faɗa kan zama a rana.

Da yamma suka isa Maiwurno. Aka nuna musu gidan kawun Labaran. Hajja Fatna ce ta fito da gudu, mayafinta yana jan ƙasa. Ta rungume Indo, ta rungume Hanadi, sannan ta leƙa bayansu.

"Ina Labaran? Yana ajiye mota ne?"

Hanadi ta leƙa cikin gidan.

"Ba ya nan, Hajja?"

"Jiya da asuba ya koma ɗauko ku. Na hana, na yi kuka, ya ce matarsa tana can. Shi da abokinsa Abdulmun'im suka tafi. Ba ku haɗu ba?"

Hanadi ta girgiza kai.

Aka sauke su a ɗakin baƙi. Hanadi ba ta zauna a ciki ba. Kullum tana bakin titi, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, tana duban arewa. Motoci suna ta zuwa cike da mutanen Khartoum. Ta tambayi direbobi har suka gane ta, suna hango ta sai su girgiza kai tun kafin su tsaya. Hajja Fatna ba ta ce mata komai ba, abinci kawai take aiko mata. Shirun ya fi zagi ciwo.

Abdulmun'im ya iso ranar wata Juma'a, a bayan motar wasu, da ƙafa ɗaya a ɗaure. Ya ƙi shiga gida. Ya zauna a dakali, mata suka kewaye shi.

"Mun isa," ya ce, kansa a ƙasa. "Mun isa har ƙofar gidanku. Ya ga kwado, ya ga rubutun gawayi. Wallahi dariya ya yi. Ya ce, alhamdu lillahi, tsohuwa ta cika alkawari. Ya ce mu juya, kafin dare ya ga matarsa."

"Sai me?" in ji Hajja Fatna. "Yi magana, ɗana!"

"A bakin layin masu bindiga suka tare mu. Motar suke so. Ya ba su makulli, Hajja, bai yi gardama ba. Wani daga cikinsu ne kawai ya harba... ban san dalili ba. Babu dalili." Ya rufe fuskarsa. "Wasu bayin Allah suka taimake ni muka yi masa sutura. A maƙabartar Sahafa yake."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Indo. Ita kaɗai ta iya faɗa. Ƙannen Labaran suka fasa kuka.

Hanadi ba ta yi kuka ba tukuna. Ta rarrafa har gaban Hajja Fatna.

"Hajja, ni ce. Da ban yi ƙarya ba, da muna cikin motarku tun ranar. Da bai koma ba. Ni na..."

"Na sani."

Hanadi ta ɗago.

"Ya gaya mini a hanya. Duka ya gaya mini, har rigar." Hawaye yana bin fuskar Hajja Fatna, amma muryarta ba ta rawa. "Ba zan ce miki ba ki yi laifi ba. Kin yi. Wanda ya harbe shi da nasa, kwanansa kuma ya ƙare, amma naki yana nan, ki nemi gafarar Allah. Na yi fushi da ke a motar nan har na ce ya rabu da ke. Kin san abin da ya ce? Ya ce, Hajja, yarinyar da ta kwance rigar aurenta don kakarta ta ci abinci, ina zan sami irinta?"

A nan kukan ya zo wa Hanadi, irin wanda ba ya fita da sauti sai da jijjiga.

Hajja Fatna ta shiga ciki. Ta dawo da farin tob mara ado, irin wanda matan da mazansu suka rasu suke ɗaurawa.

"Hajja, ai ba ta tare ba," in ji wata daga cikin matan gidan, a hankali.

"An ɗaura," in ji Hajja Fatna. "Matarsa ce. Takaba ta hau kanta."

Ta warware tob ɗin, ta yafa wa Hanadi da hannunta, ta gyara mata shi a ka kamar yadda ake gyara wa amarya. Sannan ta nuna wani ɗaki a kusurwar gidan, mai sabon labule.

"Daren da muka iso bai kwanta ba sai da ya share wancan, ya sa labulen. Ya ce nan za ki sauka." Ta kama hannunta. "Tashi, 'yata. Ba a ɗakin baƙi za ki yi masa zama ba."

Indo ta lalubo ɗaya hannun ta riƙe. Tsofaffin biyu suka ɗaga ta, suka taka da ita a hankali har bakin ƙofar.

"Da ƙafar dama," in ji Indo, muryarta tana karyewa. "Ki yi bismilla. Ɗakin mijinki ne."